Jinginar Gida a Amurka: Wasiƙar da Ke Taka wa Banki Burki da Wadda Ke Kai Mai Gida Kurkuku

A kusan rabin jihohin Amurka, banki ba ya buƙatar tsayawa gaban alƙali kafin ya sayar da gidan wanda ya gaza biyan bashin jingina. A Tekzas, idan an ba mai gida kwana 20 ya biya abin da ya taru bai biya ba, sai a fitar da sanarwar kwana 21, a buga gwanjo ranar Talatar farko ta wata tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Babu ƙara, babu sammaci. A Kalifoniya abin ya fi jan lokaci, wata uku bayan an yi rajistar sanarwar gazawa sannan wasu kwana 20, amma can ma ba a bi ta kotu.

Wannan iko mai gidan ne ya ba da shi da hannunsa, ranar da ya rattaba hannu a takardar jingina mai ɗauke da sharaɗin sayarwa. Daga nan tunanin ya taso: tunda yarjejeniya ce ta miƙa wa banki wuƙa da nama, ai da ita za a iya taka masa burki ba sai an je kotu ba. Tunanin yana da tushe. Sai dai abubuwa biyu da suka yi hannun riga da juna suna yawo da suna ɗaya. Ɗaya shi ne riƙe banki da sharuɗɗan da ya amince da su da kuma wa'adin da dokar tarayya ta gindaya masa. Ɗayan, wanda ya cika bidiyoyin YouTube da TikTok, shi ne a aika wa banki wasiƙa cewa idan bai amsa cikin kwana goma ba to ya yarda an yafe bashin. Na farko yana gyara lissafi, yana ƙara wa mai gida lokaci, wani sa'in ya ceci gidan. Na biyu ya kai mutane gidan yari.

## Takardu biyu, hannaye huɗu

Ranar karɓar gida mutum yakan sa hannu a manyan takardu biyu. Ta farko ita ce takardar alkawarin biya: nawa aka ranta, kuɗin ruwa nawa, shekara nawa, tarar jinkiri nawa. Ita ce bashin. Ta biyu takardar jingina ce, wadda ke ɗaure gidan da bashin, ana kuma yi mata rajista a ofishin filaye na gunduma. A jihohi irin su Kalifoniya da Tekzas da Bajiniya, takardar takan sanya wani amintacce a tsakani, shi ne zai buga gwanjon idan an gaza.

Wanda ya ba da rancen da wuya ya riƙe shi. Yakan sayar wa Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu masu sayen basussukan gidaje da goyon bayan gwamnati, ko a haɗa dubban basussuka a asusun amana guda a sayar wa masu zuba jari. Kamfanin da ke turo takardar wata-wata yana karɓar kuɗi wakili ne kawai, a nan za a kira shi kamfanin kula da bashi. Ke nan akwai mai bashin na ainihi, akwai mai kula, akwai amintacce, akwai kuma ofishin lauyoyin da aka ɗauka don aikin gwanjo. Kowannensu dokar da ta hau kansa daban ce, kuma wasiƙu da yawa suna mutuwa ne don an aika wa wanda dokar da aka ambata a ciki ba ta shafa ba.

Musulmin da ya sayi gida a can ta hanyar musharaka ko murabaha don gudun riba bai fita daga wannan zance ba. Kamfanonin da ke ba da irin wannan kuɗi su ma suna rubuta takardar jingina, kuma dokar gwanjo ta jihar tana aiki a kanta.

## Yadda aka zo nan

Bayan rikicin bashin gidaje na 2008, miliyoyin gidaje sun shiga layin gwanjo. A 2010 asiri ya tonu cewa ma'aikatan bankuna suna sa hannu a takardun rantsuwa ba tare da sun duba fayil ba. Wani ma'aikacin kamfanin bashin gida na GMAC ya shaida cewa yakan sa hannu a kusan 10,000 a wata. GMAC da JPMorgan Chase da Bank of America suka dakatar da ƙwace gidaje na ɗan lokaci. A Janairun 2011, Kotun Ƙolin Masachusets ta soke gwanjon gidaje biyu a shari'ar Ibanez, domin U.S. Bank da Wells Fargo sun kasa nuna cewa jinginar ta dawo hannunsu kafin su sayar. A Fabrairun 2012 manyan kamfanonin kula da bashi guda biyar suka yi sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta kafa hukumar kare masu hulɗa da bankuna, CFPB, ita kuma ta fitar da ƙa'idojin kula da bashin gida da suka fara aiki ranar 10 ga Janairun 2014.

Wannan zamani ya bar gado biyu. Ya bar ƙa'idoji masu wa'adi a lissafe, waɗanda mai gida zai iya kafa hujja da su. Ya kuma bar wani zato cewa tunda an kama bankuna da aringizon takardu, bashin kansa ƙarya ne. Hukuncin Ibanez gwanjon ya soke, bai soke bashin ba. Bankin da ya gyara takardunsa yana iya sake farawa daga tushe.

## Sashe na 22: inda yarjejeniyar ke da haƙora

Yawancin basussukan gidaje a Amurka ana rubuta su ne a kan fom ɗin bai-ɗaya na Fannie Mae da Freddie Mac, don haka sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne daga jiha zuwa jiha. A fom ɗin 2001, wanda aka yi aiki da shi sama da shekara 20, sashe na 22 ne ƙashin bayan zancen. A sabon fom na 2021 lambobin sun sauya, maganar ta koma sashe na 26, amma ma'anar tana nan. Lambobin sassan da za a ambata daga nan na tsohon fom ne.

Sashen ya ce kafin mai bin bashi ya kira dukan bashin a dunƙule, sai ya aika sanarwa da ta bayyana abin da aka saɓa, da abin da za a yi a gyara, da ranar ƙarshe ta gyarawa wadda ba za ta gaza kwana 30 daga ranar sanarwar ba, da gargaɗin cewa rashin gyarawa na iya kaiwa ga kiran bashin duka da sayar da gida. Dole kuma ta gaya wa mai gida cewa yana da haƙƙin farfaɗo da bashin bayan an kira shi, da haƙƙin shigar da ƙara don musanta gazawar. Sai wannan sharaɗi ya cika ikon sayarwa ke tabbata.

A 2015 Kotun Ƙolin Masachusets ta sake soke wani gwanjo, a shari'ar Pinti, saboda 'yan kalmomi. Sanarwar bankin ta gaya wa masu gidan cewa za su iya kare kansu idan an kai su ƙara, alhali a jihar ba a kai kowa ƙara kafin gwanjo. Abin da takardar jingina ta buƙata shi ne a gaya musu su ne za su shigar da ƙarar. Wanda ya gaskata sanarwar zai zauna jiran sammacin da ba zai zo ba. Ba kowace jiha ce ke da wannan tsanani ba: a Fulorida kotuna kan wadatu idan sanarwa ta isar da saƙon, ko da kalmomin sun bambanta.

Aikin mai gida a nan shi ne ya ajiye sanarwar kusa da takardar jinginarsa ya bi su layi-layi. Kwana 30 ɗin ana ƙirga su ne daga ranar da aka saka wasiƙar a gidan waya, ba ranar da ta iso ba, domin sashe na 15 ya ɗauki aikawa a matsayin isarwa. Saboda haka cewa "ban gani ba" ba hujja ba ce, musamman ga wanda ya tashi bai sanar da sabon adireshi a rubuce ba. Idan aka gano giɓi, a rubuta wa kamfanin kula da bashi da amintaccen tun kafin ranar gwanjo, a ambaci sashen da lambarsa. Abin da yakan biyo baya shi ne banki ya janye ya sake aiko da sanarwa ingantacciya. Ribar wata ɗaya ce ko 'yan watanni, ba yafiya ba ce, amma ga wanda ke jiran sabon aiki ko mai sayen gidan, watannin nan su ne komai.

Sashe na 19 na tsohon fom shi ne haƙƙin farfaɗowa. Ko an riga an kira bashin duka, mai gida na iya mayar da shi kan turbarsa har zuwa kwana biyar kafin gwanjo, ko wa'adin da dokar jiha ta sa, idan ya biya abin da ya taru da tarar jinkiri da kuɗin lauya da na duba gida. A ɗauka ragowar bashin dala 240,000 ne, biyan wata 1,800, an yi wata biyar ba a biya ba. Abin da zai tsayar da gwanjon shi ne 9,000 da tara da kuɗaɗen da aka kashe, ba 240,000 ba. A nemi adadin a rubuce tare da ranar da zai daina aiki, a kuma tambayi irin kuɗin da ake karɓa, domin fom ɗin ya ba banki damar ƙin cekin mutum na yau da kullum ya nemi wanda banki ya tabbatar ko tura kuɗi ta waya.

Akwai tarko a sashe na 1. Ya ba banki damar mayar da biyan da bai cika ba, ko ya rataye shi a asusun jira har ya kai na wata guda. Inda wannan ke cin mutane shi ne lokacin da harajin gida ko inshora ya tashi. A ce biyan wata ya koma 2,050 daga 1,800, mai gida bai lura ba ya ci gaba da tura tsohon adadi. Na watan farko zai zauna a asusun jira. Daga nan kullum yana baya da wata ɗaya, tara tana iya hawa, zuwa wata na tara ya koma baya da wata biyu, alhali a ganinsa bai taɓa tsallake biya ba. Sashe na 12 kuma ya rufe wata ƙofa: karɓar biya a makare ko ɗaga ƙafa sau ɗaya ba ya nufin banki ya sarayar da haƙƙinsa.

Basussukan da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ta tsaya wa suna da ƙarin sharaɗi, domin tsofaffin takardunsu sun shigar da ƙa'idojin ma'aikatar gidaje ta HUD cikin yarjejeniyar. A 2012 Kotun Ƙolin Bajiniya ta ce ganawar ido da ido da mai gida, wadda ƙa'idar ta buƙata kafin biyan wata uku ya taru, sharaɗi ce kafin gwanjo. Daga baya an sassauta ta yadda za a iya yin ganawar daga nesa.

## Wasiƙun da dole a amsa

Dokar tarayya ta RESPA, wadda ta shafi kula da bashin gida, da ƙa'idojinta sun ba mai gida wasiƙu biyu. Ɗaya ta nuna kuskure ce, ɗaya ta neman bayani. Kamfanin kula da bashi yana da kwanakin aiki 5 ya tabbatar ya karɓa, da kwanakin aiki 30 ya gyara ko ya bayyana dalilin da ya sa yake ganin babu kuskure, yana iya ƙara 15 idan ya sanar. Idan tambayar ita ce wane ne mai bashin na ainihi, kwanakin aiki 10 ne. Idan adadin da zai rufe bashin gaba ɗaya ake nema, 7 ne. Tsawon kwana 60 bayan wasiƙar kuskure, ba a yarda ya kai rahoton ɓata suna kan biyan da ake jayayya a kai ga kamfanonin tarihin bashi ba.

Wasiƙar da ke aiki gajera ce. Suna, lambar asusu, kuskure ɗaya ko biyu a fayyace: biyan ranar kaza na dala kaza bai shiga ba, ga kwafin takardar banki, an ɗora min inshorar dole alhali tawa tana aiki, ga shaida. Kan inshorar dole, ƙa'ida ta ce sai an ba da sanarwa kwana 45 kafin a fara caji, da tunatarwa kwana 15 kafin nan, kuma idan mai gida ya nuna yana da tasa, a soke a mayar da kuɗin cikin kwana 15. Haka idan bashin ya sauya hannu daga wani kamfani zuwa wani, kuɗin da aka tura wa tsohon a kan lokaci cikin kwana 60 na farko ba a ɗaukarsa a makare. Abu mafi amfani da za a nema shi ne cikakken tarihin asusun, wanda ke nuna kowace dala da ta shiga da inda aka kai ta.

Abu uku ke kashe waɗannan wasiƙu. Kamfani na da damar ware adireshi na musamman don su, kuma wadda aka aika wani wuri ko aka rubuta a jikin takardar biya ba ta tilasta masa amsa. Adireshin yana jikin takardar wata-wata. Na biyu, ƙa'idar ta ba shi damar ƙin amsa abin da aka maimaita ko ya yi faɗi fiye da kima, wato ainihin siffar fom mai shafi 20 da tambaya 100 da ake sayarwa a intanet. Na uku, rashin shaida: a aika ta wasiƙar rajista mai dawo da takardar karɓa, a ajiye kwafi. Kuma ko ta cika duk waɗannan, ƙa'idar ta faɗi ƙarara cewa wasiƙar kuskure ba ta hana banki ci gaba da shirin gwanjo, sai idan kuskuren shi ne fara gwanjon ko ci gaba da shi a lokacin da doka ta hana.

Akwai wasiƙa ta uku a ƙarƙashin dokar masu karɓar bashi ta 1977, FDCPA. Wanda ya musanta bashi a rubuce cikin kwana 30 da samun sanarwar farko, dole mai karɓa ya dakata har ya aiko da tabbaci. Sai dai dokar ba ta shafi bankin da ke karɓar bashinsa na kansa ba, ba ta kuma shafi kamfanin da ya karɓi asusun tun kafin a gaza biya ba. A Maris ɗin 2019, a shari'ar Obduskey daga Kolorado, Kotun Ƙolin Amurka baki ɗaya ta ce ofishin lauyoyin da aikinsa kawai gudanar da gwanjo ne ba ta kotu ba, mafi yawan dokar ba ta hau kansa ba, har da wannan dakatawa. Tabbacin da ake buƙata ma ba shi da nauyi: bayanin adadi da sunan mai bashi a rubuce yakan wadatar.

## Kwana 120 da kwana 37

Abin da ya fi kusa da tsayar da gwanjo ba tare da kotu ba shi ne takardar neman sassauci. Ƙa'idar tarayya ta hana fara shirin gwanjon gidan da mutum ke zaune ciki sai bashin ya wuce kwana 120 a makare. Cikin wannan lokaci kamfani zai nemi mai gida baki da baki kafin kwana 36, ya aiko da zaɓuɓɓuka a rubuce kafin kwana 45. Idan cikakkiyar takardar neman sassauci ta isa kafin a fara shirin, ba za a fara ba sai an yanke hukunci a kanta. Idan an riga an fara amma ta isa fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, ba za a sayar ba sai an duba ta, cikin kwana 30. Wanda tasa ta isa kwana 90 ko fiye kafin gwanjo yana da kwana 14 ya nemi a sake duba idan an ƙi sake masa fasalin bashi. An yi wannan ne don kashe tufka da warwarar da aka sha gani bayan 2008, inda sashe ɗaya na banki ke tattaunawa da mai gida ɗayan yana sayar da gidan. Ƙananan kamfanoni masu kula da basussuka 5,000 ko ƙasa an ɗauke musu yawancin waɗannan matakai, ban da jiran kwana 120.

Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce "cikakkiya". Takardar albashi ɗaya da ta ɓace, ko shafin ƙarshe na takardar banki da ba a haɗa ba don babu komai a jikinsa, sun isa su sa a ce ba ta cika ba, kariyar kuma ba ta fara ba. Kamfani yana da kwanakin aiki 5 ya faɗi abin da ya rage. A riƙe wannan takarda, a kuma nemi wadda ke tabbatar da ranar cikawa. Dokar ta tilasta dubawa ne, ba ta tilasta amincewa ba. Abin da zai iya fitowa shi ne ɗaga ƙafa na 'yan watanni, ko raba abin da ya taru, ko tura shi ƙarshen bashi, ko tsawaita wa'adi har shekara 40, ko sayar da gidan ƙasa da bashin da yardar banki. A wannan na ƙarshe, a tabbatar takardar ta ce an yafe ragowar, in ba haka ba ana iya bin mutum ita a jihohin da suka yarda.

Nan ne sabuwar yarjejeniya ta gaskiya ke ƙulluwa, domin kowane ɓangare ya amince. A 2012, a shari'ar Wigod, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Shikago ta ce takardar gwajin biya da Wells Fargo ya ba wata mata a ƙarƙashin HAMP, shirin gwamnati na sake fasalin bashin gida, na iya ɗaure bankin, tunda ta cika nata ɓangaren. Amma alkawarin ma'aikacin waya cewa an ɗage gwanjo romon baka ne har sai ya zo a rubuce, domin dokokin jihohi kan buƙaci rubutu a duk abin da ya sauya jinginar ƙasa.

## "A nuna min takardar asali"

Wannan buƙata, wato banki ya fito da ainihin takardar alkawarin biya, tana da nauyi a jihohin da ake bi ta kotu, kamar Niyok da Fulorida, inda mai ƙara zai nuna yana da haƙƙin karɓar bashin. A wajen kotu ƙarfinta kaɗan ne. Kotun Ƙolin Arizona a 2012 ta ce ba dole ba ne a nuna takardar alkawarin biya kafin gwanjon amintacce, ta Jojiya ma a 2013 ta ce riƙe takardar jingina ya wadatar. A Kalifoniya, hukuncin Yvanova na 2016 ya ba mai gida damar ƙalubalantar miƙa jinginar da ta ɓaci tun daga tushe, amma bayan an riga an sayar. Sashe na 20 na fom ɗin ma ya yarda a sayar da bashin sau da yawa ba tare da sanar da mai gida tun da wuri ba. Inda buƙatar ke aiki ba tare da ƙara ba shi ne zaman sulhu da wasu jihohi suka kafa, kamar Nebada a 2009 da Washinton a 2011, inda doka ke tilasta wa mai bashi ya zo da takardunsa da wakili mai ikon yanke shawara.

## Shiru ba amincewa ba ne

Ɗaya tsarin, na mayar da shirun banki yarda, yana da matakai da aka haddace. Wasiƙa ta farko tana cewa na yarda zan biya bisa sharaɗin ku tabbatar da abu kaza da kaza cikin kwana 10. Ta biyu tana cewa kun gaza, ga ƙarin dama. Ta uku tana shelanta cewa shirunku ya zama yarjejeniya, bashi ya faɗi, har ma ku ne ake bi diyya. Sai a kai wa jami'in shaida ya buga hatimi, wasu su kai ofishin filaye su yi rajistar cewa an saki jinginar.

Bahaushe na cewa shiru ma magana ce, amma dokar ciniki ba ta tafi a kan haka ba. Tun 1862, a shari'ar Felthouse da Bindley a Ingila, wani ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa cewa idan bai ji daga gare shi ba zai ɗauka dokin ya zama nasa. Kotu ta ce babu ciniki. Dokar Amurka a kan wannan take, in ban da 'yan wurare kamar inda mu'amalar baya ta nuna shiru na nufin yarda. Masu karatun fiƙihu sun san kwatankwacinta a ƙa'idar da ake dangantawa ga Imam Shafi'i, cewa ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Hatimin jami'in shaida kuma yana tabbatar da wanda ya sa hannu ne, ba gaskiyar abin da aka rubuta ba. A 2012, alƙali John Rooke na Alberta a Kanada ya tattara waɗannan dabaru a hukuncin Meads mai sakin layi sama da 700, ya nuna cewa babu wanda zai ƙaƙaba wa wani yarjejeniya shi kaɗai.

Masu wannan tsari suna kafa hujja da cewa banki bai ranta kuɗi na gaske ba, lambobi kawai ya rubuta. Gaskiya ne bankuna na ƙirƙirar kuɗi ta hanyar ba da rance, amma wanda ya sayar da gidan ya karɓi kuɗinsa ya kashe, mai saye kuma ya shiga gida. Shari'ar da suke yawan ambata ita ce ta Credit River a Minesota a 1968, hukuncin wani ƙaramin alƙalin gari da ya karɓi wannan hujja. Kotun Ƙolin jihar ta ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin aikin da ba shi da hurumi, lauyan da ya kawo hujjar, Jerome Daly, kuma aka kore shi daga aikin lauya. Haka dabarar rubuta "an biya duka" a kan ƙaramin ceki: dokar ciniki tana karɓar wannan ne idan akwai jayayya ta gaskiya a kan adadi, kuma kamfani na iya mayar da kuɗin cikin kwana 90.

Hatsarin ya wuce ɓata lokaci. Kamfanin Dorean Group a Kalifoniya ya yi wa ɗaruruwan mutane wannan aiki: wasiƙar wa'adi ga banki, sai rajistar sakin jingina ta bogi, sai a sa mai gida ya ci sabon bashi a kan gidan da ake cewa ya kuɓuta. An samu shugabanninsa biyu da laifi a 2007, kowanne ya sami ɗaurin fiye da shekara 20, tsofaffin basussukan kuma suna nan a wuyan masu gidajen. Aika takardar kuɗi ta ƙirƙira da sunan baitulmalin Amurka laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara 25. Ga baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba, hukuncin damfara na iya taɓa takardun zamansa.

Akwai wasiƙa ɗaya da ke warware jingina da gaske, watakila ita ce ta ba sauran kamannin gaskiya. Dokar bayyana sharuɗɗan rance ta tarayya, TILA, ta ba da kwana uku a janye daga bashin da aka ɗora wa gidan zama, wa'adin kuma na kaiwa shekara uku idan banki bai ba da muhimman bayanan da doka ta sa ba. A 2015, a shari'ar Jesinoski, Kotun Ƙoli ta ce sanarwa a rubuce cikin wa'adin ta wadatar, ba sai an shigar da ƙara ba. Amma ba ta shafi bashin sayen gida na farko ba, sai na sabuntawa ko na ƙari, kuma wanda ya janye zai mayar da uwar kuɗin.

## Abin da ya rage wa mai gida

Kowane wata da aka kashe ana musayar wasiƙun banza, adadin farfaɗowa yana ƙaruwa, kwana 37 ɗin nan kuma suna matsowa. Wanda ya daina biya don an ce masa biya amincewa ne da bashin, shi ya haifar da gazawar da hannunsa. Alamar 'yan damfara a bayyane take: tun 2011 doka ta hana masu tallan ceton gida karɓar kuɗi kafin mai gida ya sami tayin banki a rubuce ya amince, in ban da lauyoyi a kan wasu sharuɗɗa. Masu ba da shawara da HUD ta tantance ba sa cajin komai a kan wannan aiki. Duk wanda ya nemi a sauya sunan gida zuwa nasa ko na wani asusun amana da yake riƙe da shi, gidan yake so.

Waɗannan wa'adodi na Amurka ne kaɗai. A jihohin Najeriya da ke aiki da dokar Ingila ta 1881, banki ma na iya sayar da kadarar jingina ba ta kotu ba, amma sharaɗin can shi ne wata uku bayan sanarwar neman biya ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a makare, kuma takardar jingina takan rage ma wannan.

Idan ranar gwanjo ta ƙarato, abu uku ne ke tsayar da ita: biyan adadin farfaɗowa, ɗagewar da amintaccen ya tabbatar, ko kotu, ta hanyar umarnin dakatarwa ko shigar da takardar fatara a ƙarƙashin babi na 13 na dokar fatara, wanda ke tsayar da gwanjo nan take ya ba da damar biyan abin da ya taru cikin shekara uku zuwa biyar. Bayan an buga gwanjo a Kalifoniya ba ta kotu ba, babu fansa, ko da yake banki ma ba zai bi ragowar bashin ba, kuma idan kuɗin gwanjo ya haura basussukan da ke kan gidan, rarar ta tsohon mai gida ce, sai ya nema. A wannan mataki wasiƙun RESPA da rasit ɗin gidan waya sun koma shaida a hannun lauya. Ƙara a kan saɓa ƙa'idar kula da bashi tana da wa'adin shekara uku, diyyarta asarar da aka yi da ƙarin da bai wuce dala 2,000 ba idan an nuna saɓawar ɗabi'ar kamfanin ce. Ta FDCPA wa'adinta shekara ɗaya ne, ƙarin kuma bai wuce dala 1,000 ba.